Kwalba Mai Hoton Jariri

Jabiru mai kemis ne ya cuci yarinyar nan. Shi ne, ba wani ba. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba kuma uwarta Mufida ba ce da aka yi wata biyu ana harara a gida. Jabiru ne, mai shago a kan hanyar shiga kasuwar Rano, mai farin gilashi da taushin baki, wanda in ya ce "Hajiya, sannu da zuwa" sai ka rantse zuma ce ke zuba. Barira ta faɗa a Fammar, ta faɗa a cikin motar Kibiya, ta je har ƙofar shagonsa ta faɗa. Wanda duk ya ce tsohuwa ta zare, to ya zauna ya ji yadda aka yi.

Barira matar Malam Ishiyaku ce, manomin gyaɗa da dawa a Fammar. Shekara talatin da shida suna tare. Ba ta yi boko ba, ko sunanta aka rubuta a bango wucewa za ta yi. Shekara huɗu ke nan da al'ada ta ɗauke mata. Da farko har hamdala ta yi, ba sauran fashin salla, ba sauran ramuwar azumi. Sai abin da babu wanda ya taɓa gaya mata ya biyo baya. Jikinta ya mutu a wajen Malam kamar murhun da aka kwara wa ruwa. In ya neme ta, ciwo. In bai neme ta ba sai ta ji sauƙi, sannan ta ji haushin kanta don ta ji sauƙin. Matan gidan biki sun sha ɗura mata tsumi da garin ɗaka, ta sha har cikinta ya ɓaci, ko gezau.

Malam mutum ne mai kawaici. Ya dai naɗe tabarmarsa, ya ɗauki rediyonsa, ya koma ɗakin zaure, wai can ya fi iska. Suka zama kamar wa da ƙanwa: ga tuwo, sannu, Allah ya ba mu alheri.

A wajen awon hawan jini maganar ta fito. Duk bayan wata biyu Barira kan hau mota zuwa asibiti a Rano, wata Likita Salma ke duba ta, yarinya sa'ar autarta. Ran nan da ta kwance mata abin awo daga dantse, sai ta tura ƙofa ta ce, "Mama, yaya zamanku da Baba?"

"Lafiya lau. Yana salla, yana kawo cefane."

"Ba cefane na tambaya ba."

Barira ta dubi bango, ta dubi fanka, ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke 'yar nan, a gidanku ba a koya miki kunya ba?"

"An koya min, Mama. Da na zo nan sai na tarar kunya ta fi hawan jini kwantar da mata."

To, sai bakin Barira ya buɗe. Abin da ta riƙe shekara huɗu ta zazzage shi kafin a ƙirga ɗari.

Likita ta fara ba ta maganin bushewa. Ciwo ya tafi, amma marmari bai dawo ba. Da ta koma aka ɗebi jininta, sannan likita ta yi mata bayani a hankali: akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa, namiji na da shi da yawa, mace ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin nan yana cikin abin da ke tayar wa mace da sha'awa. Ana samun sa a man shafawa. Za ta riƙa lakatar kamar ƙwayar wake, ta shafa a gefen cinya kullum da safe. In ta ga gashi na tsiro mata a haɓa, ko ƙuraje, ko murya ta fara kauri, ta dawo.

"Sai a kemis za ki samu," in ji likita. "In kin saya, kada ki fara sai kin kawo min shi cikin kwalinsa. Akwai takarda a ciki mai sharuɗɗa, za a karanta miki ita tas."

Haka Barira ta faɗa shagon Jabiru. Ya karɓi takardar likita, ya karanta, ya leƙo ta ta saman gilashi, ya yi ɗan murmushi. Ya ce sai ya aika Kano. Bayan mako ta dawo, ya ɗauko wani dogon kwali daga ƙarƙashin kanta. Akwai maza biyu zaune a benci a bakin ƙofa, sai ya rage murya.

"Hajiya, da 'yan boko a gidanki?"

"Ɗana da matarsa."

"To wannan kwalin in suka gani, sun karanta ki daga sama har ƙasa. Bari in rufa miki asiri. Haka nake yi wa iyayenmu mata."

Ya juya ya zaro wata 'yar kwalba mai faɗin baki daga cikin jerin irinta, wankakkiya, ta man shafawar yara, da hoton jariri yana dariya a kan murfi. Ya matse farin man a ciki kaf, ya daidaita shi da gindin cokali. Kwali da takarda kuwa ya yayyaga ya watsa a kwandon shara.

Barira ta ce, "Likita fa ta ce in kai mata kwalin."

"Don me za ki sake bin layi da wannan rana? Abin da ke cikin takardar a kaina yake. Ƙwayar wake, a cinya, da safe."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

A nan a faɗi gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Barira ta ji daɗi. Har albarka ta sa masa. Ba ta koma wajen likita ba, don da wace fuska za ta je babu kwalin, kuma da lokacin awonta ya zo ta ce aikin gona ya riƙe ta. Wannan nata ne, ba ta musa ba. Amma ita ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba. Shi ya sani. In ma bai sani ba, me ya zaunar da shi a bayan kanta da farin gilashi?

Magani dai ya yi aiki, wannan ba ƙarya. Kafin gyaɗa ta rufe ƙasa, tabarma da rediyo sun dawo cikin gida. Malam ya koma sayo tsire a Kibiya yana ɓoyowa a aljihun babbar riga kamar saurayi. Barira ta sa lalle ba biki ba suna. Kwalbar kuwa ta tura ta cikin samirar ƙasa a jeren kwanukanta, inda take ajiye goro da alewa, ta ɗora huɗu a kai.

Gidan ba shi da yawa. Daga ita sai Malam, sai ɗanta na fari Khalid, malamin firamare a Kibiya, wanda saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan" ko "mai babur". Sai matarsa Mufida, 'yar Tarai, wadda ta gama sakandare ta zo da tebur cike da kwalaben shafe-shafe. Sai 'yarsu mai shekara biyar, wadda aka sa wa sunan Barira, don haka kowa ke kiran ta Uwa.

Abin da ya fara damun Barira shi ne man yana gudu. Ita wake take lakata, amma kullum ta buɗe sai ta ga rami kamar an sa ludayi. Abin da aka ce zai yi wata uku, bai cika wata biyu ba ta ga gindin kwalba. Ta koma wajen Jabiru da kwalbar a ƙulle a bakin zane. Ya duba, ya kwashe da dariya.

"Hajiya, wake aka ce, ba mangwaro ba. Ki tausaya wa Baba."

Kunya ta rufe ta, ta kasa cewa ba ita ba ce. Shi kuma bai tambaya ba. Mutumin da ya san aikinsa, ya ga magani irin wannan ya ƙare kafin lokaci, ai tambaya zai yi. Shi raha ya yi. Ya sake matse wani a kwalbar, ya sake yaga takarda.

Tun a mota Barira ta fara lissafin mutanen gidanta. Malam? Ta yi kwana uku tana shinshina hannunsa in ya miƙo kwano, ba komai sai warin taki. Wancan ba ya shiga ɗakinta. Saura mutum ɗaya, wadda ke share ɗakin kowace safiya.

Mufida ce. 'Yar boko ce, ta buɗe ta shinshina ta gane. Tana lakata tana shafa wa kanta saboda nata mijin, tana kuma yi wa tsohuwa dariya a ciki. Daga ranar, in Mufida ta durƙusa ta ce, "Inna, an tashi lafiya?" sai Barira ta ji kamar da wata magana a ƙarƙashin gaisuwar. In ta ji ta tana dariya a waya, to da ita ake. In ta ga ta tana kallon lallen ƙafarta, to ta gama sanin komai. Kuma ba halin tambaya. Ta ce me? Wa ya taɓa min man me? Sai ta ɗaure fuska kawai, ta daina amsa gaisuwar sai da ka.

Ana cikin haka Uwa ta fara canjawa.

Wari aka fara ji, warin hammata irin na babban mutum, a jikin yarinyar da ko haƙorin madara ba ta zubar ba. Sai ƙuraje suka feso mata a goshi. Yarinya mai sanyi ta koma masifaffiya, ta ciji ɗiyar maƙwabta, ta harbi tunkiya da ƙafa. Rigunan sallarta suka ɗage. Ranar da Barira ta ɗaga hannunta za ta sa mata riga ta ga baƙin gashi siri-siri a hammatarta, sai da ta zauna a ƙasa.

Fammar ta ɗauka. Wasu suka ce iska ce, ta bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Aka yi rubutu, aka yi turare. Wasu suka ce a binciki abin da take ci, har aka daina sayen nonon Fanta, Bafulatanar da ta shekara ashirin tana sauke ƙwarya a gidan. Fanta ta zo ta yi sallama sau uku, ba a amsa ba, ta juya.

Barira kuwa ta riga ta sami mai laifinta. Wadda ta iya satar man tsohuwa, me ba za ta iya ba? Ran nan tana miƙa wa Malam ruwa ta ɗaga murya yadda na bakin babur zai ji: "Uwar da ke dirje fatarta da man kanti kala bakwai, me zai hana ta dirje 'yarta?"

Magana ta shiga. Khalid ya ɗauki matarsa da 'yarsa zuwa Rano. Likitan yara ya duba Uwa ya ce ɗayan biyu ne: ko wani abu ne ke shiga jikinta daga waje, ko kuwa ƙari ne a cikinta yake haifar da wannan. Ya tambayi abin da ake shafa mata, Mufida ta ce man yara ne kawai. Ya rubuta su je Kano a ɗauki hoton cikin nan da mako biyu, in ƙari ne sai an yi aiki. Da suka dawo Khalid ya tattara kwalaben teburin Mufida ya zuba a masai. Ya ce ranar Juma'a ta tafi Tarai ta zauna sai gaskiya ta fito, Uwa kuma a nan za ta tsaya. Mufida ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe. Barira tana ɗaki tana ji, ta ce a ranta, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

Amma Barira ba ta so Mufida ta tafi ba ta kama ta da hannu ba. Ranar Laraba da hantsi, Malam ya tafi gona, wancan ya tafi makaranta, Barira ta yafa mayafi ta ce za ta barka. Ta fita ta zaure, ta zago ta ƙofar garke, ta laɓe a bayan rumbu inda take hango ƙofar ɗakinta.

Mufida tana bakin rariya tana yi wa Uwa wanka. Ta gama, ta naɗe ta da tawul. Ba ta ko kalli ɗakin surukarta ba. Uwa ce ta zame da gudu, ta shige ɗakin. Aka ji ƙarar samira ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta fito kumatunta a kumbure da alewa, kwalba mai hoton jariri a hannu.

"Umma, ga man Inna."

Mufida ta karɓa, ta sa yatsu biyu ta kwaso, ba wake ba, cikin cokali guda. Ta shafa mata a bayan gwiwa inda kirci ke damun ta, ta shafa a gwiwar hannu, ta shafa a wuya, ta murza sauran a bayanta.

Hannun Barira ya tafi haɓarta da kansa. A nan ta tsige gashi biyu makon jiya, ita da ke shafa ƙwayar wake. Muryar likita ta dawo mata: gashi, ƙuraje, kaurin murya. Ta dafa rumbu.

Ta fito. "Tun yaushe?"

Mufida ta firgita ta durƙusa. "Tun farkon damina, Inna. Ita ta kawo min, ta ce na Inna ne. Na ga hoton jariri, na ɗauka ke kika ba ta saboda kircin nan. Na so in yi godiya na ji nauyi, daga baya kuma sai na ga kina ɗaure min fuska."

"Da likita ya tambaye ki, me ya hana ki ce daga ɗakina yake?"

"Inna, man yara ne. Kuma in je gaban likita in nuna kayanki?"

Barira ta fizge kwalbar, ta ja Uwa ta mayar da ita bakin rariya, ta wanke ta da sabulu sau uku yarinya na kuka tana dukan ta. Sannan ta shiga ɗaki ta saki labule.

Wuni ta yi da kwalbar a cinya. Masai yana nan, taku goma. In ta jefa, wa ya sani? Mufida ba ta san mene ne a ciki ba. Wataƙila yarinya ta warke da kanta, a ce rubutu ne ya ci. Mufida ta yi wata ɗaya a Tarai a dawo da ita. Ita kuma ta mutu da mutuncinta, ba a taɓa cewa Barira ta Malam Ishiyaku, mai jika tara, ta je Rano neman maganin sha'awa ba. Ta san bakin Fammar. Za a yi ta da ita a gidan suna, a bakin rijiya, har matan da ta yi wa wankan jego su riƙa taɓa juna in ta wuce.

Ta bango tana jin Mufida na ninke kaya tana jan hanci. Tana jin Uwa a tsakar gida tana tsawata wa kaji da wata murya da ba tata ba. Nan da mako biyu za a kwantar da wannan yarinya a Kano ana neman ƙarin da babu shi.

Bayan la'asar Malam ya dawo ya zauna yana kankare fartanya. Babur ya shigo. Barira ta ɗaga labule ta fito tsakiyar gida.

"Khalid."

Shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya tsaya da makullin babur a hannu. Malam ya ajiye fartanya. Mufida ta leƙo.

"Zo nan. Ke ma zo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ɗora kwalbar a kan turmi. "Wannan ba man yara ba ne. Maganina ne. Tun da jini ya ɗauke min na daina sha'awar ubanka, likita ta rubuta min wannan, na saya a Rano. Sinadarin maza ne a ciki. Mai kemis ya juye min a nan don kada ku karanta. Shi yarinyar nan ke ɗauka ana shafa mata wata huɗu. Babu ƙari, babu iska, babu nonon Fanta. Matarka ba ta yi komai ba."

Khalid ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Barira ta tsaya ƙyam, fuskarta na zafi, tana jiran abin da zai faɗo.

Malam Ishiyaku ya yi gyaran murya. "To, ni dai na ga canji, ban tambaya ba, don wanda aka ba kyauta ba ya tambayar kasuwa. Tun da ni na ci moriyar maganin, sai a raba kunyar biyu, a ba ni babban kaso." Ya dubi ɗansa. "Kai kuma ɗago kanka. Ta wace hanya kake tsammani ka zo duniya?"

Barira ta juya ga Mufida. "Ke, kwance kayanki. Na zarge ki da sata, na zarge ki da cutar 'yarki, na zuga mijinki. Na zalunce ki. Na faɗa a gabansa don kada gobe a ce ban faɗa ba. Ki yafe ko kada ki yafe, wannan naki ne."

Mufida ta rufe fuska da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa.

Washegari su biyar suka tafi Rano. Likita Salma ta juya kwalbar a hannu, ta daɗe tana kallon jaririn da ke kan murfi. Ta ce abu na farko da ke cikin takardar da aka yaga shi ne kada man ya taɓa jikin yaro, ko hannun da ya shafa sai an wanke kafin a ɗauki jariri. Ta kira likitan yara, suka yi magana. Suka ce wari da ƙuraje da faɗa za su tafi in Allah ya so, gashin ma ana sa rai. Amma ƙashin yarinya ya riga ya yi gaba da shekarunta, sai an riƙa auna ta, don tana iya daina tsawo da wuri. Wannan ba wanda ya iya ba su tabbaci.

Barira ta ce, "Ni kuma in daina?"

"A auna jininki tukuna, Mama. In lafiya, maganinki ne, ba laifi kika yi da kika nema ba. Amma cikin kwalinsa, cikin akwati mai makulli."

"Zan ci gaba," in ji Barira, ba ta ko ja mayafi ba. "Na riga na biya kunyarsa."

Daga asibiti ba ta nufi tasha ba. Ta ce wa Khalid ya kai iyalinsa gida. Malam ya ce zai raka ta, ta ce ya zo amma ya tsaya a baya, bakinta ya isa.

Ranar kasuwa ce, shagon cike. Jabiru na ganin ta ya washe baki. "Hajiya, har ya sake ƙarewa?"

Ta buga kwalbar a kan kanta. "Me ke cikin takardar da ka yaga?"

Ya dubi mutane, ya dubi Malam a bakin ƙofa, ya sunkuyo. "Hajiya, rage murya. Asirinki nake rufewa."

"Asirin na tona shi da bakina jiya a gaban ɗan farina, ba ka da abin rufewa. Jama'a, maganin sha'awa na saya a nan, ni tsohuwar nan, likita ce ta rubuta min, kuma mijina ga shi can a tsaye. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu in ci gaba." Ba wanda ya yi. "Mutumin nan ya juye min shi a kwalbar man jarirai, ya yaga takardar gargaɗi, ya ce min shi ke nan. Jikata mai shekara biyar ta yi wata huɗu ana shafa mata. Yau gashi ne a hammatarta."

"Ai ke kika yarda, Hajiya. Taimako na yi. Ban ce ki bar shi inda yara..."

"Ba ka ce komai ba, shi ne laifinka. Na yarda, don ban iya karatu ba, na ɗauka kai ka iya. Na dawo maka kafin lokaci, ka ce min mangwaro."

Sai idonta ya sauka a bayansa. Jerin kwalaben nan yana nan, wankakku, jarirai goma sha wani abu suna ta dariya a kan murfi. Ranar da ta fara zuwa jerin ya fi haka tsawo.

Ta nuna da yatsa. "Sauran fa? Ka ce haka kake yi wa iyayenku mata. Mata nawa? A Fassi, a Tarai, a cikin garin nan, ɗaki nawa ne yanzu da kwalba irin wannan a cikin samira, da jika mai neman alewa?"

Jabiru ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga. Wata dattijuwa da ke jiran maganin tari ta matse jakarta a ƙirji, ta sulale waje da sauri.

Barira ta ja bencin bakin ƙofa, ta gindaya shi a tsakiyar hanyar shiga, ta zauna, ta gyara zane.

"Rufe shagon nan, Jabiru. Likita na jira, na gaya mata zan kawo ka. Ka je ka faɗa mata sunan duk matar da ka juye wa magani, a bi su gida-gida tun kafin a yi wankan gobe. Sannan ka zo Fammar ka dubi Uwa a ido, ka gaya wa ubanta wanda zai amsa in ta tsaya a nan ba ta ƙara tsawo ba. In ba ka taso ba, daga nan sai gaban hukuma, kuma a can ma da wannan muryar zan faɗa. Ni na amsa nawa. Taso ka amsa naka."